Kaskar da Ba Ta Jin Hausa

Daminar da Dahome ta samu 'yanci, kaskar ƙasar ma ta samu nata. Ta tsallako iyaka ba takarda, ta sauka kan shanun garin Bagudo. Saniya ta yi zazzaɓi, ta yi fitsarin jini, ta kwanta, shi ke nan.

Namadi sa ɗaya gare shi, kuma da shi yake noma. Tsoro ya hana shi sukuni. Sai ga Sambo, wanda ya taɓa dako a Dahome, ya zo da bayani.

"Kaskar ga ba ta jin Hausa. Sai an kore ta da Faransanci."

Kullum da hantsi Sambo zai watsa gero ƙarƙashin san, wai guzurin kaska ne na komawa gida, sannan ya gyara tsayuwa ya yi ta daka tsawa. Kajin 'Yar Baba, matar Namadi, marasa kunya, sai su yo ca, suna tsalle har cikin cinyoyin san. Namadi ya jefe su, su dawo.

Abin mamaki, aiki ya ci. Shanun maƙwabta na ta faɗuwa, san Namadi ko kaska ɗaya babu, har sheƙi yake. Namadi ya fara gaida mutane da Faransancin da shi ma bai san ma'anarsa ba.

Ranar da aka ɗaga tutar Nijeriya, ya ce dole a karrama Sambo. Ya sa aka yanka kajin nan kaf, dama haushinsu yake ji. 'Yar Baba ta gyara su tana ƙunƙuni, Sambo ya ci har ya sassauta tazuge.

Ba a jima ba kaska ta rufe san. Sambo ya ƙara gero, ya ƙara tsawa har muryarsa ta dushe. Ran da fitsarin san ya yi ja, Namadi ya zauna dirshan, hawaye shaɓe-shaɓe.

"To ko sun koyi wani yare ne?"

'Yar Baba ta ɗago daga tankaɗe.

"Malam, ni ban san yare ba. Amma ran da nig gyara kajina, kowace na buɗe, cikinta cike yake da kaska."