Mai Gaida Inna

Ya iso ƙauyensu Gouna an riga an dawo daga maƙabarta. Yayarsa ta tare shi a tsakar gida, riƙe da wayar mahaifiyarsu.

Shekara biyu ke nan da ya damƙa wa ƙirƙirarriyar basira sana'arsa a Damagaram. Ita ke haɗa tallace-tallace da muryarsa, kuɗi na shigowa yana kwance. Da abin ya yi daɗi, sai ya ɗora mata har gaida Inna ta saƙon murya kowace Juma'a. Bai ƙara sauraron amsoshin Inna ba.

"Wata uku tana faɗa maka ba ta da lafiya," in ji yayar.

Ta kunna saƙon ƙarshe. Muryar Inna ta fito a dishe, tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Kai mai gaishe ni, na gode, kana da ladabi. Amma kai ba ɗana ba ne, shi yakan katse ni in ina magana. In kana ganinsa, ka ce ya zo."

A ƙasan saƙon akwai amsa da muryarsa, cikin fara'a: "To, Inna, ina nan tafe."