Ƙafar Hagun Fergus Balgarnie

A watan Oktoba, saura kwana tara a buɗe wani baje koli, aka ajiye mai gadi Mudasiru a zaure na uku na wani gidan tarihin wasanni kusa da unguwar Al Aziziya a Doha. Aikinsa ya tsaya awa goma sha biyu ya hana mutane taɓa gilashi. Dokar kamfaninsu ɗaya ce: mai gadi ba ya sa baki a aikin masu wuri. Shekararsa huɗu a Doha ba a taɓa kuka da shi ba, sai dai a ce ba ya ji sosai, don sai an kira shi sau biyu yake juyowa.

Zauren na wani ɗan ƙwallon Scotland ne, Fergus Balgarnie. Sakinatu, 'yar Katsina mai karatun digiri na uku, ita ke rubuta bayanan da za a liƙa a bango, kuma aikin ya cije mata. Daga 1919 zuwa 1923 Fergus ya ci ƙwallo sittin da ɗaya a garin Paisley, jaridu na ta yabon ƙafarsa ta dama. Sai ƙungiyar wata masaƙa a Amurka ta ɗauke shi ta wasiƙa, ba ta taɓa ganinsa ba. A can ya koma mai tsaron baya, da hagu yake bugu, shekara tara ƙwallo biyu. Bai sake taka gida ba. A kowane hoton Amurka yana layin baya, kai a sunkuye.

Kwana shida Mudasiru yana kallon hotunan. A na bakwai ya karya doka.

"Malama, yana da ƙane?"

"Wa?"

"Baturen nan. Ba a canza ƙafa a cikin jirgin ruwa. Ki duba ko babban ya ji rauni bayan wasiƙar ta iso."

Ta duba. Akwai ƙane, Callum, wanda sunansa ya ɓace daga takardun garin a 1923. Akwai kuma takardar asibiti: Fergus ya ji rauni a gwiwar dama, sati uku kafin jirgi ya tashi. Fergus na ainihi a Paisley ya tsufa, yana gyaran takalma.

Washegari ta same shi a bakin zauren.

"Malam Mudasiru, gobe 'yan jarida za su ɗauki hotonka, har gida za a gani. Ba ni katin shaidarka in kwafi cikakken sunanka."

"A'a, Malama. Kafil ɗina, mai kamfanin da ya kawo ni ƙasar nan, zai kore ni."

"Na yi musu magana, sun yarda."

"Ki sa sunanki kawai. Khalas, shi ke nan."

"Shekara ɗari masana ba su gano ba. Kai ta yaya ka gane?"

"Yawan tsayuwa ne."

A ranar ya roƙi a mayar da shi wurin ajiye motoci, inda babu inuwa kuma babu mai so. Ba a ja masa rai ba. Ranar buɗewa bai leƙa zauren ba.

Da yamma, a bas ɗin komawa masauki a Al Wukair, ya zauna kujerar ƙarshe ya kira Gusau. Mai wayar ya daɗe kafin ya ɗauka. Tun hatsarin da mutumin ya yi shekara huɗu da suka wuce, a hanyarsa ta zuwa yin fasfo bayan aikin Doha ya fito da sunansa, da sanda yake tafiya.

Mai gadin ya rage murya.

"Salamu alaikum, Yaya Mudasiru. Ɗalhatu ne."