Takalman Malam a Bakin Zaure

Da la'asar ne malaminmu na elemantare ya tako daga Ikara har Furana, riƙe da takardar da ta ce na ci jarrabawar shiga makarantar Midil a Zariya. Baba yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Malam ya tuɓe takalmansa sau-ciki a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gaishe shi, bai ɗago ba sai da aka nuna masa tabarma.

Sai ya shiga yabon makarantar: ɗakin kwana mai rufin kwano, rijiya, abinci a kan kari, ga ɗalibanta suna fita su zama malaman asibiti da na gona. Ni kuwa ina raɓe a gefe, na riga na fid da rai, don Baba ya sha cewa boko mai nisa ba ya dawo wa mutum da ɗansa.

Da Malam ya gama, sai Baba ya tambaye shi.

"Malam, kai ma can ka yi?"

"Can na yi, Baba. Shekara huɗu."

Baba ya daɗe yana kallon takalman nan, baƙaƙe, duk laka. Sannan ya ce, "To, ba su mantar da kai inda ake tuɓe takalmi ba. Yaron ya tafi."

Bana jikana ya kawo mini takardun makarantu uku, kowace tana yi wa kanta kirari, wai in zaɓa masa. Na juya su, na rasa abin da zan duba. Babu wadda ta zo da ƙafafunta.