Shugaba Vira da Jujin Sojoji

Kwana uku takardar ta yi a aljihun Vira kafin ya iya karanta wa majalisar ƙauyen Vunavosi. Ma'aikatan gwamnati ne daga babban birni ke neman izinin shiga Bayan Waya, dajin da aka kewaye da waya, su ɗebi ƙasa su auna, su ga abin da sojojin Amurka suka binne a can lokacin yaƙi.

Tun yana yaro Vira ko kallon Bayan Waya ba ya son yi. An ce bama-bamai ne a ciki da gangunan guba, gwamnati kuma ta hana shiga. Shi kuwa bin doka ya zame masa ciwo. Aladen surukinsa ma ya taɓa kai ƙararsa don ya shiga filin makaranta. Shi ya sa aka ba shi shugabanci, shi ya sa kuma hira ke mutuwa in ya shigo rumfar shan kava, abin shan gargajiyar tsibirin.

Yana gama karatu majalisa ta rikice. Tsoho Tavui ya ɗaga hannunsa mai yatsu huɗu.

"Shugaba, ka ga wannan? Bayan Waya ne ya cinye na biyar. So kake baƙi su koma gida a kwando?"

Bara dai cewa ya yi kifi ne ya cije shi, amma Vira bai ja zancen ba. Ya kafe cewa yara na wasa kusa da wurin, dole a san abin da ke ciki. Aka yi ta ja har rana ta take, sannan Tavui ya ce, to, su zo, amma sai bayan bikin sabuwar doya. Hannuwa shida suka tashi lokaci ɗaya. Vira ya sa hannu a takarda yana jin kansa gwanin shawo kan jama'a.

Sai jirgin ruwa ya iso da baƙin mako uku kafin bikin, wai gudun lokacin guguwa.

A Vunavosi baƙo ba ya taka ƙasar gari sai ɗan gari na gabansa. Vira ya aika a kira 'yan majalisa. Wannan bayansa ya riƙe, wancan ya tafi kamun kifi, Tavui kuwa an ce zazzaɓi ya kayar da shi. Saura shugaba, kuma shugaba tsoro yake ji ƙwarai.

Matarsa Merelin ta riƙe masa riga a bakin ƙofa.

"Maigida, don Allah kar ka shiga. Ka ce su dawo wata mai zuwa mana!"

Abin ya taɓa shi ƙwarai. Shekara ashirin da shida tana ciyar da shi da doyar da ƙanwarta ke aikowa daga tsibirin Malo, tana yi masa dariyar 'yan ƙananan da yake nomawa a tsakuwar bayan gida, bai taɓa sanin tana son sa haka ba. Ya ce in bai dawo ba ta kula da aladu.

Ya wuce allon gargaɗi mai hoton ƙoƙon kai, wanda fentinsa ke sheƙi kamar jiya aka shafa. Ya sunkuya ta wata kafa a jikin waya. Rolin, shugabar masu awo, na biye da shi da na'urar neman ƙarfe, na'urar kuwa ko tari ba ta yi ba. Hanyar sumul take, ba ciyawa. Aikin aladun daji ne, in ji Vira a ransa, yana ajiye ƙafa kamar mai taka ƙwai.

Da ya ga itatuwa sun fara buɗewa, sai ya runtse ido, ya kama addu'a. Ya yi taku goma, bai tashi sama ba.

"Shugaba, ka ce shekara nawa ba a shiga nan ba?" in ji Rolin.

"Tamanin, 'yata."

"To buɗe idonka."

Kunyoyin doya ne reras har bakin rafi, ganye shar, an yi noma tas, kowace gona da ɗan katako mai suna. Rolin ta bi tana karantawa, ta kira Tavui, ta kira sauran 'yan majalisa biyar, ta kira limamin coci. A gaban gonar da ta fi kowacce girma ta tsaya.

"Wannan kam ta iya noma," ta ce. "Wace ce Merelin?"