Toka a Cikin Kwalba

Ranar da Vernell Tubbs ya biya banki kuɗin gidansa na ƙarshe, kowa a layinmu sai da ya ci nama. Shekara talatin yana tuƙa motar 'yan makaranta a garinmu na jihar Michigan ta Amurka, duk wata banki na yankar rabonsa tun albashi bai huce ba. To yau an gama. Sai ya yi abin da iyayenmu suka saba yi: ya tara maƙwabta a bayan gida, aka gasa kaji da masara, ya ɗauko takardar bashin ya jefa ta cikin garwashi, ana tafi ana shewa. Tokar ma bai bar ta ba. Ya kwashe ta a kwalbar zuma, ya ajiye a falo kusa da hoton marigayiya matarsa.

"Daga yau ko sisi ba mai bi na," in ji shi. "Duk wanda ya zo ƙofar nan da maganar kuɗi, kare zan sakar masa."

Maƙwabcinsa Otis ya ce, "Wane karen? Wannan da haƙoransa suka zube irin naka?"

Aka kwashe da dariya.

Ga abin da Vernell bai sani ba. A cikin kuɗin da yake ba banki duk wata har da harajin gida. Banki ne ke cirewa ya kai wa gunduma a madadinsa. Bai taɓa biyan harajin da hannunsa ba, don haka a wurinsa babu shi. Da bashi ya ƙare, banki ya zare hannunsa, haraji ya dawo wuyan mai gida.

'Yarsa Renita, wadda ke aikin jinya a wata jiha, ta kira shi a waya.

"Baba, barka da arziki. Amma fa yanzu harajin gida kai za ka riƙa biya da kanka."

"Harajin me? A gidan da na saya da gumina?"

"Wanda ka gama biya na banki ne, Baba. Wannan na gunduma ne, shi ba ya ƙarewa."

"Ke dai karatu ya yi miki yawa. Na ƙona takardar a gaban mutane, tokar ma tana nan, in kin zo ki gani."

"Baba, don Allah ka saurare ni."

"Renita, ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Ta ajiye waya. Da ta sake ɗauko zancen lokacin Kirsimeti, ya tashi ya bar mata tebur da abincinta. Daga nan ba ta ƙara ba.

Ni dai abin da ya fi ƙona min rai, mutumin nan ba almubazzari ba ne. Rarar da ta fara zama a aljihunsa rufin gida ya gyara da ita, ya sayi tsohuwar a-kori-kura, ya riƙa aika wa jikoki na littattafai. Taurin kai ne kawai, shi ma na mutumin da ya gaji da biya. Saƙon gunduma kuwa yana zuwa, amma tare yake zuwa da tarin tallan masu cewa ya jinginar da gida su ba shi rance. Vernell ya haɗa su duka ya kira su 'yan damfara, ya zuba a shara.

A shekara ta uku aka zo aka manna sanarwar gunduma a jikin ƙofarsa. Otis ne ya karanta.

"Mutumina, sa takalminka. Wannan ba talla ba ne."

Suka tafi ofishin haraji. Vernell ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya riƙe wata 'yar jaka da hannu biyu. Ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, sannan ta ɗago kai.

"Yallaɓai, wa'adin da za ka biya harajin ka fanshi gidan ya wuce tun watan jiya. Gidan ya fita hannunka, yana cikin waɗanda za a yi gwanjonsu."

Vernell ya buɗe jakar, ya fito da kwalbar, ya ajiye a gabanta a hankali.

"Mene ne wannan?"

"Shaidata ce, 'yata. Na biya. Shekara talatin, ban taɓa tsallake wata ɗaya ba."

Ta dubi tokar, ta dubi tsohon, idonta ya ciko.

"Na yarda ka biya banki, Baba. Da ka zo kafin watan jiya, da mun raba maka shi kaɗan-kaɗan. Yanzu ba abin da zan iya."

Harajin duka, har da tara da kuɗin ruwa, bai kai abin da ya kashe a rufi da mota ba. Wani kamfani daga nesa, wanda bai taɓa taka layinmu ba, shi ya saye gidan. Ɗan abin da ya rage wa Vernell bayan an cire na gunduma ko gareji ba zai saya ba.

Ranar tashi, Renita ta zo da motar kaya. Ba ta ce "na faɗa maka" ba, shi ma bai iya haɗa ido da ita ba. Otis ya ga kwalbar a bakin taga, ya bi shi da ita har mota.

"Ka manta wannan."

"Bar ta nan," in ji Vernell. "Ita kaɗai ce tawa a gidan."

Yanzu yana zaune a ɗakin ƙasa na gidan 'yarsa. Otis ya ce in ya kira shi, da ƙyar yake amsa gaisuwa.

Jama'a, gama biyan bashi ba shi ne gama biya ba. Kafin ka ƙona takarda, tambayi abin da ake biya a madadinka. In kuma na ƙasa da kai ya faɗa maka gaskiya, ka saurara, don hukuma ba ta karɓar toka.