Kukan Bijimi a Garken Baba

An taɓa bijimin da mashi, bai yi kuka ba. A wurinmu, mu 'yan ƙabilar Bhaca, in bai yi kuka ba, magabata ba su karɓi yankan ba.

Yayana ya sake kiran marigayi babanmu da Zulanci, harshen Zulu da ya fake da shi a Johannesburg, inda ake yi wa 'yan Bhaca gorin kwasar kashi.

Gwaggo ta leƙo ta shinge. "Kai, da wa kake wannan yaren? Ubanka bai san shi ba!"

Yayana ya laluba, kirarin dangi ya ɓace masa. Bhacanci, harshenmu na yarinta, kaɗai ya rage a bakinsa.

"Baba," ya ce, "shanu sun dawo. Zo ka buɗe mana garke."

Bijimin ya ɗaga kai ya yi kuka.