Ƙafafun Kwalli

Barakatu ta matse kyanwar tsakanin gwiwoyinta ta barbaɗa mata garin magani a ƙafafun baya. Tana sakinta, Kwalli ta lanƙwashe ta ci gaba da lasa. Gashin cinyoyin duk ya zube, fatar ta yi jawur kamar an watsa mata ruwan zafi.

"Haba Kwalli," ta ce, "ke ma ba za ki bar ni in huta ba?"

Ba a banza take wannan wahalar ba. Kyanwar ta ɗiyarta ce, Ummulkhairi, wadda ciwon sikila ya ɗauke a farkon damina tana aji ɗaya. Yarinyar ce ta tsinto ta a bayan tashar jirgin Ƙaura, ita ta raɗa mata suna saboda baƙin da ya zagaye idanunta. Ko a ranakun da ciwo ya tashi, ana matsa mata ƙafafu da man shanu tana kuka, kyanwar na kwance kusa da kanta. Yanzu a gidan nan kaf, Kwalli kaɗai ta rage a cikin abin da Ummu ta taɓa.

Sauran duk Malam Abdussamad ya kwashe. Ana share zaman makoki ya ɗaure kayan yarinyar ya yi sadaka da su, riguna da takalma da allo. Har kwalbar man shanun Barakatu ta nema ta rasa. Ko ɗigon hawaye ba ta gani a idonsa ba. Ya tafi islamiyyar da yake koyarwa, ya dawo, ya ci tuwo, ya buɗe littafi. Wai shi ne uba.

Da aka fara lasar, ta kai kyanwar wurin likitan dabbobi na bakin kasuwa. Ya ce ƙuma ne, ya ba da gari. Bai yi ba. Ta yi mata wanka da sabulun salo da ganyen darbejiya, ta sha yakushi har gwiwar hannu. Wani direba maƙwabcinsu ya taho mata da wani ruwan magani daga kasuwar Shinkafi, shi ma shiru kake ji.

Yayarta Kulsumu ta bugo waya daga Zurmi ta ce a huda tsohuwar roba a zura wa Kwalli a wuya, yadda baki ba zai kai ƙafa ba. Wannan kam ya ɗan yi aiki. Sai dai kullum da hantsi Barakatu za ta tsinci robar a ƙofar zaure, ga Kwalli a gindin bango, ƙafafu na sheƙi, tana lasa kamar an sa ta dole. Yadda take cire ta, Allah masani. Kuma ga gashi ko'ina, har a rigunan Malam in ta zo wanki, ita da ta san ko kallon kyanwar ba ya yi.

Ta gaji. Gajiya irin wadda barci ba ya saukewa.

Da ta koma wurin likitan, ya daɗe yana duba fatar, sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, babu ƙuma ko ɗaya. Kyanwa ma tana shiga damuwa in ta rasa wanda ta saba da shi. Amma in gyambon nan ya ruɓe, ba za ta kai kaka ba."

A kan babur take kuka har gida. Dabba ta san an yi rashi, tana cin jikinta saboda baƙin ciki, amma mutumin da ya haifi yarinyar ko a jikinsa.

Ta same shi bayan la'asar a kan buzu.

"Malam, Kwalli mutuwa za ta yi."

Bai ɗago ba. "Kyanwa ce hwa, Barakatu. Mi kike so in yi?"

"Ba komai. Gobe za ni Zurmi wurin Yaya Kulsumu, da Kwalli zan tafi."

Ya dafe littafin da ke gabansa. Can ya ce, "Ki bar ta nan."

"In bar wa wa?"

Ya juya shafi. A ranta ta riga ta gama magana. In ta shiga motar nan, ba ta ga abin da zai dawo da ita gidan da babu mai tuna Ummu sai ita da kyanwa ba.

Washegari ba ta hura wuta ba. Da ma kullum in ta idar da sallar asuba madafi take shiga, ba ta fitowa sai ta dama koko rana ta fito, shi kuma Malam in ya dawo masallaci zaure yake zama. Yau kam ta ɗaure kayanta, ta ɗauki kwando ta shiga neman Kwalli. Babu ita a ƙarƙashin gado, babu ita a bayan randa.

A ƙofar zaure ta ga robar a ajiye, an kife ta da kyau. Daga ciki wata murya ke fitowa ƙasa-ƙasa, tana rawa. Ta ɗaga labule a hankali.

Malam na zaune, gemunsa jiƙe da hawaye, kwalbar man shanun nan a buɗe kusa da gwiwarsa, Kwalli kwance a cinyarsa yana matsa mata ƙafa a hankali yana cewa, "Sannu Ummu, yi haƙuri, saura ɗaya ƙafar."